Musayar Waƙa: Kerr da Ihering, Masu Sharhin Wasan Kwaikwayo a Mulkin Hitler

Malam Garba
Na buɗe fage da Alfred Kerr. Wanda ya san zancen ya ɗora.

Mai sharhin wasan kwaikwayo ne a Berlin,
Kerr, alƙalaminsa ba ya sassautawa.

Daren buɗe sabon wasa yana kujerarsa,
Labule na sauka ya tafi rubutawa.

Gajerun sakin layi, kowanne da lambar Rum,
I, II, III, haka yake jerawa.

Jaridar Berliner Tageblatt tun 1919,
Hukuncin da ya yanke gari ke maimaitawa.

Bayahude ne, ya caccaki 'yan Nazi a rediyo,
Suka riƙe shi a rai, ba sa mantawa.

Fabrairun 1933 aka yi masa raɗa:
Fasfonka, Kerr, za a zo ƙwacewa.

Ga zazzaɓi a jiki ya kama jirgin ƙasa,
Prague ya nufa, ba waiwayawa.

Hajiya Binta
Malam, ka kawo gudun. Bari in kawo tarkon.

Ran 10 ga Mayu wuta ta ci littattafansa,
Ɗaliban jami'a suka hura, ba jahilai ba.

Agusta aka fidda jerin mutum 33,
An soke musu zama 'yan ƙasa, bai tsira ba.

Sai dokar editoci ta 4 ga Oktoba,
Babu aikin jarida in ba ka yi rajista ba.

Ka kawo shaidar asali, taka da ta matarka,
In da jinin Yahudu ba za a sa ka ba.

Da haka suka huta da zaman tace labari,
Tsoron share suna bai bar edita ya runtsa ba.

Kullum ma'aikatar Goebbels, ministan farfaganda, na kiran taro,
Ta ce ga na bugawa, ga wanda ba za a taɓa ba.

Ɗan'azumi
Yaya Binta, akwai wanda ya zauna, a ji nasa.

Herbert Ihering abokin hamayyar Kerr ne,
Salon wasa yake dubawa da tsarinsa.

Shi ya ba marubucin wasa Brecht kyautar adabi ta Kleist a 1922,
Tun gari bai gama jin sunansa.

A 1934 ya hau kujerar Kerr a Tageblatt,
Nan mutane suka fara zarginsa.

Amma 1936 shi ma 'yan Nazi suka kore shi,
Ƙungiyar marubuta ta share sunansa.

Ya koma zaɓar 'yan wasa a kamfanin fim na Tobis,
1942 gidan wasan Burgtheater na Vienna ya ɗauki aikinsa.

Bayan yaƙi ga shi a gidan wasan Deutsches Theater na Berlin,
Ni ban ga ya sayar musu da ransa.

Hajiya Binta
Ƙanena, zaman ya yi, sai dai sana'ar ba ta zauna ba.

Ran 27 ga Nuwamban 1936,
Goebbels ya haramta sharhin fasaha baki ɗaya.

Ka faɗi wa ya fito, me ya sa, me ya ce,
Mai kyau ne ko maras kyau, wannan ka ajiye a baya.

Sai ka cika shekara 30 za a ba ka izini,
Ka sa cikakken suna, ba wurin ɓuya.

Ɗan wasa ya yi kuskure ba mai gyara shi,
Mai sayen tikiti ya shiga duhu ba jagora ɗaya.

Tageblatt ɗin da ake ta gardama a kanta,
1939 aka rufe ta gaba ɗaya.

Malam Garba
Hajiya ta gama da wannan. Ɗan'azumi, kada ka ɗauka gudun ma daɗi ne.

Suwizalan, Faransa, daga nan sai Landan,
Talauci na bin sa yana matsawa.

Jarinsa Jamusanci ne, ga shi a Ingila,
Wa zai sayi sharhin da ba ya karantawa?

Matarsa ta kama aikin sakatariya,
Da shi ake ci, ake biyan masaukin kwanawa.

Duk da haka ni bayan Kerr nake,
Kujerar wanda aka kora ba ta hawuwa.

A 1948 aka gayyace shi Hamburg,
Ya shiga gidan wasa jama'a na tafawa.

Shanyewar jiki ta same shi bayan wasan,
Ran 12 ga Oktoba, yana da 80, ya yi rasuwa.