Na sayi gida da ɗan haya a ciki, yaushe zan iya tarewa?

Abban Hafsa:
Assalamu alaikum. Na sayi gida ciki biyu da falo a wajen Rijiyar Zaki, Kano. An yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, aka rubuta takarda kowa ya sa hannu. To akwai ɗan haya a ciki, mai iyali, kuɗin shekara yake biya. Ni ma a haya nake, kuɗina ya kusa ƙarewa. Dillali ya ce in ba shi wata ɗaya, in ya ƙi tashi in kwance ƙofa. Raina bai kwanta da wannan ba. Me doka ta ce? Kuma takardar mai unguwar ta wadatar?

Malam Na-Kotu:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka taɓa ƙofar nan. Kwance ƙofa, yaye kwano ko yanke wuta duk ɗaukar doka a hannu ne, ɗan hayan zai iya kai ka ƙara a sa ka biya shi diyya. Da ka sayi gidan ka gaji yarjejeniyar tsohon mai gida. Idan ba su rubuta wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida ake ba shi a rubuce, mai biyan wata kuwa wata ɗaya. Wa'adi ya cika bai tashi ba, sai notis na kwana 7, daga nan kotu. Nemi rasit ɗinsa na ƙarshe ka ga ranar da shekararsa ke cika, domin kuskuren kwanan wata a notis yana iya kawo maka cikas a shari'a.

Maman Sadiq:
Ni takardar ce ta fi damuna, yayana. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, mu haƙƙin zama kawai muke riƙe da shi, galibi na shekara 99. Sashe na 22 ya ce sai da sahalewar gwamna ake sauya hannu, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. Takardar mai unguwa shaida ce cewa ka biya kuɗi, amma ba C of O ba ce, wato takardar shaidar haƙƙin zama da gwamnati ke bayarwa. Je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Jihar Kano, a bincika maka fayil ɗin gidan, ko an jinginar da shi a banki. Idan kuma na gado ne, tabbatar duk magada sun yarda, mata ma har da su.

Abban Hafsa:
Na gode. Gidan gado ne kuwa, kuma babban wansu kaɗai ya sa hannu.

Malam Na-Kotu:
To wannan ya fi maganar ɗan haya gaggawa. Ka tara magadan su sa hannu, ko a kawo takardar rabon gado daga kotun shari'a. Shi kuma bawan Allahn da ke haya a gidan, zauna da shi gaban mai unguwa. Sau da yawa idan aka mayar wa mutum ragowar kuɗinsa aka ƙara masa na mota, yana tashi kafin wata shidan.