Konfedareshin dai, tarayya ce ko gamayya?

Jama'a ku zo mu daddale wata kalma. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan gwamnatin farko da Amurkawa suka kafa lokacin da suka ɓalle daga Ingila, wadda Turawa ke kira konfedareshin, sai na tsaya cak. Wani malami ya ce in sa tarayya in wuce, to ai tarayya mun riga mun ba wa irin tsarin Najeriya, kuma shi Amurkawan suka koma a 1789 bayan na farkon ya gaza. In duka biyun tarayya ne yaro zai tambaye ni to malam me aka canza?

Ga yadda abin yake. Jihohi 13 ne, majalisarsu ta amince da yarjejeniyar kafa wannan gwamnatin a 1777 amma ba ta fara aiki ba sai 1 ga Maris 1781 saboda Maryland ta ƙi sa hannu kan rigimar filayen yamma. Babu shugaban ƙasa mai zartarwa, majalisa ɗaya ce tal, kowace jiha ƙuri'a ɗaya komai girmanta, manyan batutuwa sai jihohi 9 sun yarda, gyaran yarjejeniyar kuwa sai duka 13. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne majalisar ba ta da ikon sa haraji ko sisi, sai dai ta roƙi jihohi su aiko, ga bashin yaƙi a wuyanta ga sojoji na bin albashi, da aka nemi sa harajin kashi 5 cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su Rhode Island kaɗai ta ce a'a, magana ta mutu. Sai da manoma suka yi bore a Massachusetts a 1786 hankali ya tashi sosai, aka taru a Philadelphia a 1787 aka rubuta sabon tsarin mulki.

An kawo min kalmar ƙawance. Ta yi kusa, don haka muke kiran AES ta Nijar da Mali da Burkina Faso, amma Amurka ta ƙulla ƙawance da Faransa a 1778 kuma ba gwamnati ɗaya suka zama ba, kalmar za ta haɗa abubuwa biyu daban. Haɗaka kuma kunnena jam'iyyun siyasa yake jiyowa.

Ni dai gamayya ta fi kwanta min. Ku duba gamayyar ƙungiyoyi, kowace da shugabanta da asusunta, ana zama tare a yanke shawara amma uwar gamayyar ba ta isa ta sa hannu a aljihun kowa ba, wallahi haka jihohin nan suka zauna shekara 8. Don haka zan rubuta Yarjejeniyar Gamayya, gwamnatin gamayya daga 1781, gwamnatin tarayya daga 1789. Malaman Hausa da 'yan jarida in da gyara ku faɗa kafin Litinin in kai a buga.