Lamba biyu tana ƙara, ribas ya ƙi shiga: shin dole ne na canza giyabos?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan ƙaramar motata mai giyar hannu, wadda ta yi tafiyar kimanin kilomita 190,000. Kusan wata huɗu ke nan, duk lokacin da na sa giya lamba biyu sai na ji ƙara kamar ana goga zarto a jikin ƙarfe, musamman da safe kafin mota ta ɗau zafi. Na yi ta lallaɓawa a haka, har makon jiya lamba ɗaya da ribas suka fara ƙin shiga, sai na yi kokawa da sandar giya kafin su amsa. Bakaniken da na kai wa ko leƙa ƙarƙashinta bai yi ba, yana jin bayanina ya ce giyabos ya mutu, a nemo na hannu a sa. Hankalina bai kwanta da wannan hukunci ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Ka kashe inji, ka taka kuloci, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan sun shiga salin-alin alhali inji yana kashe, amma suka ƙi da zarar ka tayar da shi, to kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya, wato inji yana ci gaba da juya giyabos ko da ƙafarka tana ƙasa. Ribas ne kan fara tona wannan asiri, domin a ƙananan motoci da yawa ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu. Idan kulocinka mai aiki da mai ne, ka duba ɗan tulun mansa, wanda man birki ne, a wasu motocin ma tulu ɗaya suke sha da birkin. Sannan ka taka feda sau biyar ko shida a jere ka gwada ribas. Idan ya shiga, iska ta shiga layin ko kuma wata silindar kuloci tana yoyo.

Amsa ta biyu:

Na yarda da ɗan'uwana a kan lamba ɗaya da ribas, amma ina ganin cuta biyu ce ta haɗu wa motar nan. Ƙarar lamba biyu ta riga sauran da wata huɗu, kuma a giya ɗaya tak take, wannan kuwa halin sinkoronaiza ne da ya cinye, wato zoben tagullar nan mai daidaita gudun haƙoran giya. Lamba biyu ce ta fi shan wahala a cunkoso, saboda haka zobenta ke yawan riga sauran gajiya. Malam, yaushe rabonka da canza man giya? Ka sa a juye shi a kwano mai tsabta a gabanka, ka duba shi a rana, ka kuma duba notin juyewar, domin yawanci akwai mayen ƙarfe a bakinsa.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin, kuma yadda kuka faɗa haka na tarar: tulun ya kusa ƙafewa, ƙaramar silindar da ke jikin giyabos ta jiƙe sharkaf da mai. An canza ta, an fitar da iska, yanzu lamba ɗaya da ribas suna shiga da yatsa biyu. Man giya kuwa, da kunya nake faɗa, ban taɓa canza shi ba. Ya fito baƙi wuluk, bai kai rabin abin da ya kamata ba, yana walƙiya da ƙananan ɗigo masu ruwan zinariya, notin kuma yana ɗauke da laushin garin ƙarfe kamar kwalli. Lamba biyu dai har yanzu tana ɗan ƙara idan na yi gaggawa.

Amsa ta uku:

Wannan walƙiyar ita ce tagullar zoben, mayen ƙarfe ba ya kama ta, shi ya sa ka gan ta tana yawo a cikin man. Laushin garin da ke kan noti ba abin tsoro ba ne. Da gutsattsarin haƙori ne ka gani, da sai mu ce a sauke giyabos yau. Ka zuba irin man da littafin motarka ya ambata, kuma idan man giya nau'in GL-4 ya ce, kada ka bari a zuba maka nau'in GL-5 da sunan ya fi ƙarfi, domin sinadaran wasu daga cikinsu ba sa shiri da tagulla. Ka kuma sa a binciki robobin da ke bakin shaf na tayoyin gaba, tunda man nan ta wata kafa ya tsere. Kafin gyara, ka riƙa ɗan dakatawa a firi tsakanin lamba ɗaya da biyu. Ni da motata ce, zan bari sai lokacin canza farantin kuloci ya yi, tunda dole a sauke giyabos a ranar, sai a buɗe shi a sa sabon zobe a aiki guda.