Likitan jijiya ko likitan magudanar jini?

Jama'a, ga wata kalma da ta hana ni sakat tun kakar bara. Kawuna manomin shinkafa ne a wajen Kadawa, yana da ciwon suga. Babban ɗan yatsan ƙafarsa ya yi baƙi, ƙafar ta yi sanyi kamar randa. Aka ba mu takarda zuwa Kano, an rubuta vascular surgeon a jiki. Ni da bakina na fassara masa: likitan jijiya. Ya ce, "Kai yaro, jijiyata lafiyarta ƙalau, ba ta riƙe ni ba." Sai da muka yi sati uku muna shafe-shafe a gida. Har yau abin yana ci mini rai. Shi ya sa nake neman sunan Hausa da ya dace da wannan likita mai aikin hanyoyin jini.

A Hausa jijiya ɗaya ce tal. Wadda ke riƙe ƙugu ta sauko cinya jijiya ce, ta agara jijiya ce, wadda jini ke bi ma jijiya ce. A ƙauye in ka ce ciwon jijiya, wajen mai tausa ko maɗori hankali zai tafi.

Wani ya kawo shawarar a ce "maɗinkin jijiya". Yana da hujja, domin ɗinke hanyoyin jini ne ya sa aka ba Bafaranshe Alexis Carrel kyautar Nobel a 1912. Amma kalmar jijiya tana nan, kuma aikin ya wuce ɗinki. Waɗannan likitocin ne ke haɗa hanyoyin jini biyu a hannun mai wankin ƙoda, su buɗe wadda ta toshe.

"Likitan fiɗa" kuwa, ku gwada faɗa wa tsohuwa ku gani. Mahauta za ta tuna. Tiyata ta fi kwanciya a kunne.

Kalmar da ta zauna mini daga bakin Kawu ta fito. Da muka je Kano, likitan ya zo da ɗalibai sun kewaye gadon, ya ɗora wata 'yar na'ura a bayan ƙafar, muna jin fuu, fuu, can ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Baba, hanya ce ta toshe a sama, za mu ciro wata daga ƙafarka mu kewaye wurin." Kawu ya ce, "Ashe magudana ce ta cushe, gonar ƙasa ba ta samun ruwa." Duk mai noman rani daga Kura har Haɗeja ya san wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Don haka na tsaya a kan likitan magudanar jini. In ana son cikawa, likitan tiyatar magudanar jini.

Saura sunan irin wannan likita da ya haɗa da koyarwa. Bayan shekara 6 a makarantar likita da ƙarin shekarun ƙwarewa, yana tiyata, yana koyar da ɗalibai, yana bincike, kamar yadda ake yi tsakanin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shi sai mu ce malamin tiyatar magudanar jini, in ya kai farfesa, shehun malami.

Wata yayarmu ma'aikaciyar jinya ta ce mini, "Ƙanena, magudana fa tana tuna wa mutanen birni kwata." Na ji, Yaya. Mutanen Ringim da Gumel, yaya take sauka a kunnenku? Kawu dai ya rasa yatsan, ƙafar ta tsira, bana shi ya yi dashen shinkafarsa.