Muhawara: Ƙara falle a sifirin yana ƙara wa Hilux ƙarfi a hanyar daji?

Alhaji mai motocin dako: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne duk Hilux da za ta bar kwalta ta shiga hanyar gargada, a ƙara mata falle biyu ko uku, wato dogayen ƙarafan da ake jerawa kan juna, a sifirin baya tun kafin ta yi lodin farko. Bayanta zai ɗaga, za ta ɗauki kaya fiye da da, kuma ba za ta riƙa dukan ƙasa a kwazazzabo ba. Masu shokazoba na tsada kuɗin jama'a kawai suke ci.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙarin falle yana hana bayan mota zaunawa, wannan babu musu, amma bai ƙara mata ikon ɗaukar kaya ba. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Hilux lodin da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, kuma ba sifirin kaɗai aka duba wajen yanke wannan adadi ba. An duba shasi da aksil da boris da birki da tayoyi. Idan aka taurara sifirin aka ɗora tan biyu, motar za ta tsaya a miƙe kamar lafiya lau, alhali nauyin ya koma kan sassan da ba a taɓa ba, shi ya sa ake ganin shasi yana lanƙwasa ko yana tsagewa a daidai tsakanin kai da bodi.

Direban hanyar Agadas: Ranka ya daɗe Injiniya, a takarda maganarka daidai ce, sai dai mu da ke bin hanyar Dirku a hamadar Nijar ba mu fita sai da jarkokin mai da na ruwa da tayoyin safaya kafin a zo maganar kaya. Sifirin kamfani ba ya jure wannan, yakan miƙe har aksil ya riƙa bugun robar da ke tare shi. Ni ina tare da Alhaji a kan ƙarin falle, amma na saba da shi a kan shokazoba. A kan gargada mai ƙananan tudu jere da juna, man da ke cikin shokazoba yakan yi zafi ya yi kumfa, har ka kasa riƙe shi da hannu idan ka tsaya, kuma daga lokacin sai bayan mota ya fara tsalle yana watsewa gefe.

Oga bakanike: Malam direba ya taɓo inda ciwon yake. Aikin sifirin ɗaukar nauyi ne, aikin shokazoba kuwa kashe tsallen da sifirin ke yi bayan an danne shi, don haka wanda ya ƙara ƙarfin na farko ya bar na biyu yadda yake ya raba abin da aka auna tare. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A tsofaffin Hilux da Land Cruiser 79 akwai wani bawul na birki a jikin shasi, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil na baya, wanda ke auna yadda mota ta zauna domin ya san ƙarfin birkin da zai tura baya. Idan an ɗaga bayan ba a sake saita shi ba, sai ya ɗauka motar ba ta da kaya ko da an cika ta maƙil, ya rage birkin baya a lokacin da aka fi bukatarsa.

Alhaji mai motocin dako: To ai ɗagawar ita ce ribar, Oga, tunda cikin mota ya yi nesa da dutse.

Injiniya: Bodi da shasi ne suka yi nesa, Alhaji. Tukunyar aksil na baya tana nan inda take, babu abin da ke ɗaga ta sai taya mai girma. A gaba kuma lamarin ya fi wuya, domin tun samfurin 2005 Hilux ke amfani da sifirin murɗaɗɗe da hannuwa biyu a kowace ƙafa, kuma idan ɗagawar ta wuce kimanin santimita 5, shaf na gaba yakan karkace fiye da kima, robarsa ta yage, alaimen ya ƙi zama. Ku dubi kuma abin da Ford ya yi da ya fitar da Ranger Raptor a 2018 domin gudu a daji: ya cire sifirin falle a baya, ya sa murɗaɗɗe mai laushi da shokazoba na kamfanin Fox, sannan ya rage lodin da aka yarda ta ɗauka. Gudu a gargada laushi yake so, kaya kuma tauri, kuma ba a samun biyun cikakku a mota ɗaya.

Direban hanyar Agadas: Wannan na yarda da shi, domin idan muka sauke kaya muka juyo fanko, motar da aka ƙara wa falle uku ba ta zaunuwa, ƙugu da baya ne ke biyan bashin. Abin da ke ceton mu shi ne rage iskar taya a rairayi, sannan a sake busawa idan an hau ƙasa mai tauri.

Oga bakanike: Alhaji, kafin a sayi komai a kai motar sikeli da irin lodin da take ɗauka kullum, a auna gaba daban baya daban. Idan kayan ba sa sauka daga kanta, a sayi cikakken sifirin da aka ƙera don wannan nauyi tare da shokazobansa, irin yadda Old Man Emu na Ostareliya ke sayar da su a haɗe, maimakon a tsinto fallen wata motar a cusa. A kuma sa sababbin kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil, a sake matse su bayan tafiyar farko.

Alhaji mai motocin dako: Bawul ɗin birki zan sa a duba gobe in Allah ya kai mu. Amma falle ɗaya dai sai na ƙara, tunda motocina ba sa dawowa fanko.