Neman kalma: "inclusion" da "wellbeing" a kundin ɗalibai 'yan jarida

Editan_Bango: Assalamu alaikum. Ana mayar da kundin ƙa'idojin wata ƙungiyar ɗalibai 'yan jarida zuwa Hausa, irin masu jaridar bango da shirin rediyo a jami'a. Kalmomi biyu sun ƙi zama. Daftarin farko ya sa "shigar da kowa" a gurbin "inclusion", ya sa "jin daɗi" a gurbin "wellbeing". Malamai, a bar su ko a sake?

Malama_Nahawu: Wa'alaikumus salam. "Shigar da kowa" ta tsaya a bakin ƙofa, don ana iya shigar da mutum zaure a manta da shi a can. Bahaushe yana da tasa tuntuni: damawa da kowa. In ɗan siyasa ya ce ba a dama da su ba, ba taro aka hana shi shiga ba, ta bakinsa ce ba a ji ba wurin yanke shawara da rabon muƙami. Abin da ake nufi ke nan. Kuma tana juyuwa yadda ake so: a dama da su, ana damawa da su, ba a dama da su ba. Mai duba rubutu dai ya buɗe ido, harafi ɗaya ne tsakanin damawa da damuwa.

Ɗan_Situdiyo: Gaskiyarki, Malama. Kuma kundin ya faɗi yadda ake gane an dama. Taron raba aiki a gama shi kafin magariba, saboda ɗalibai mata da masu kwana a gari. A yi shi a ɗakin ƙasa, ba saman bene ba, don mai keken guragu. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, amma edita ba sai ya jira jami'a ba, sauya ɗaki ba ya cin ko sisi. Sanarwa a WhatsApp a rubuta ta, saƙon murya ba ya isa ga kurma. Kowane hoto a sa masa bayani na jimla ɗaya ko biyu, don TalkBack, manhajar da ke karanta allon waya da murya, ya samu abin da zai karanta wa makaho. Sannan a ƙirga a ƙarshen zango: mutum nawa suka samu babban labari, mata nawa ne a teburin editoci. Inda ake faɗuwa shi ne a ɗauki mace a tura ta girke-girke da ado kullum, labarin zaɓen ƙungiyar ɗalibai kuwa na maza.

Baƙin_Alƙalami: Ni ina jin warin siyasa a "damawa", kamar rabon ganima. "Tafiya da kowa" fa?

Malama_Nahawu: Tana da kyau, ɗan'uwa, sai dai wanda ake tafiya da shi ba lallai ya san inda aka dosa ba. A sa ta a sashen ɗaki da lokaci da kayan aiki. Kan babi kuwa damawa.

Mai_Ba_Da_Shawara: Ta biyun, "wellbeing", ta fi wuya. "Jin daɗi" a cire, mai karatu zai ɗauka liyafa ce. "Walwala" an riga an ba wa daraktan walwala na ƙungiyoyin ɗalibai, mai kula da abinci da ruwan sha ranar biki. "Lafiyar ƙwaƙwalwa" da kafafen labarai ke amfani da ita yanki ce kawai, kuma da yawa in sun ji ta taɓin hankali ke zo musu, sai ɗalibi ya ɓoye damuwarsa. Ina ba da "lafiya da natsuwa". A ƙarƙashinta a rubuta: babu sabon aiki mako biyu kafin jarrabawa, ba a tura mutum ɗaya shi kaɗai wurin zanga-zanga, labarin da ka iya kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa ya fita da sunan jarida, bayan editoci biyu sun ga hujjojin. Mai tantance bidiyon haɗari ya kashe sauti, ya rage girman allo, ya hana waya sauke hoto da kanta, kuma kada ya kalla daf da barci. Edita ya neme shi washegari, ya sake nemansa bayan mako guda, don rashin barci ba ya nuna kansa a rana ɗaya.

Baƙin_Alƙalami: Natsuwa ko nutsuwa?

Malama_Nahawu: Duk ana faɗa. Ku zaɓi ɗaya ku riƙe ta har ƙarshen kundin.

Editan_Bango: Madalla. Babi na 4: Damawa da Kowa. Babi na 5: Lafiya da Natsuwa. Saura "byline", wato layin sunan wanda ya rubuta labari, ita ma tana nan tana jira.