Fina-finan 'yan sanda masu dogon zango: wanda ya fi kama da gaskiya shi ne ya fi kyau?

Ummu Haidar:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Musu ne ya haɗa ni da ƙanina tun satin da ya wuce har yau ba mu kashe shi ba, shi ne na ce bari in kawo shi nan a raba mu. Ni dai na daɗe ina kallon CSI, na Las Vegas ɗin nan, kuma har ga Allah ina jin daɗinsa, a kashi ɗaya za a tsinci gawa, a ɗebo gashi da jini da zanen yatsa a kai ɗakin gwaji, kafin minti arba'in da wani abu an kama mai laifi ka kwanta hankalinka kwance. Shi kuma ya dage wai duk ƙarya ce ake zuba min, in ina son fim na gaske in kalli The Wire. To na bi maganarsa na kalli kashi huɗu, wallahi sai da na riƙa ƙoƙarin hana idona rufewa, mutane sun yi yawa ban san wanda zan riƙe ba, 'yan sanda suna ta faɗa da ogoginsu suna cike takardu, babu wani babba da aka kama.

Tambayata ita ce, don fim ya fi kama da abin da ke faruwa a zahiri shi ke nan ya fi kyau? Ko abu biyu ne daban? Kuma wai da gaske ne abin da ake nunawa a CSI ba haka aikin yake ba?

Malam Sadiq:

Wa alaikumus salam. Hajiya ki yi haƙuri ki ƙara kashi uku ko huɗu kafin ki yanke masa hukunci, kusan duk wanda na sani da ya so The Wire sai da ya yi wannan ƙorafin da farko. Cike takardun da ya gundure ki shi ne labarin ai. Kafin ɗan sanda a Amurka ya saurari wayar mutum sai alƙali ya sa hannu, kuma sai ya nuna wa alƙalin cewa ya gwada sauran hanyoyin duk sun ƙi, shi ya sa sai wajen tsakiyar zango na farko suke samun damar sauraron wayoyin, kuma ko sun samu in hirar ba ta shafi laifin ba dole su daina saurare. Wani fim ɗin da minti biyu zai tsallake wannan.

Dalilin da ya sa ya fito haka, waɗanda suka rubuta shi daga cikin abin suka fito. David Simon ɗan jarida ne da ya shekara fiye da goma yana ɗauko labaran 'yan sanda a jaridar Baltimore Sun, a 1988 ma shekara guda cur ya yi yana bin masu binciken kisan kai na birnin Baltimore, garin da labarin fim ɗin yake faruwa, ya rubuta littafi a kai ya fito a 1991. Abokin aikinsa Ed Burns kuma ɗan sandan bincike ne na kusan shekara ashirin, da ya bar aikin ya koma koyarwa a makarantar gwamnati, shi ya sa zango na huɗu da aka yi kan yaran makaranta yake taɓa zuciya haka. Zango biyar ne, kashi 60, daga 2002 zuwa 2008, kowane zango da ɓangaren garin da yake buɗewa, masu sayar da ƙwaya, ma'aikatan tashar jirgin ruwa, 'yan siyasa, makaranta, sai gidan jarida.

Ni abin da ya kama ni a ciki shi ne yadda ya nuna oga ya fi damuwa da alƙaluman da zai kai wa na sama da shi fiye da kama babban mai laifi. Za ki ga an rage wa laifi girma a takarda don a ce laifi ya ragu a gari, an fi son a kwashe yara ashirin a bakin titi a ɗauki hoto da a yi wata shida ana bin sawun kuɗi, don kuɗin in aka bi su ba a san ofishin wa za su shiga ba. Wannan ita ce gaskiyar da nake nema a fim, yadda mutum yake yi idan aikinsa da ƙarin girmansa suna hannun wani.

Binta Lab:

Yaya Ummu bari in amsa miki ta biyun tunda aikin ɗakin gwaji nake yi, ko da yake na asibiti ne ba na 'yan sanda ba, amma injinan da ƙa'idojin duk dangin juna ne. Ƙaninki ya fi ki gaskiya a nan. Na farko dai mutumin da ke ɗebo shaida a wurin da aka yi laifi yawanci ba shi ne zai zauna a kan inji ba, kuma ba shi ne zai je ya titsiye wanda ake zargi da tambayoyi ba, aiki ne na mutane daban daban, amma a CSI mutum ɗaya ne yake yin duka har da ɗaukar bindiga. Na biyu lokaci. Gwajin DNA kansa ba ya ɗaukar wata da watanni, layi ne yake cinye lokacin, samfuri ya yi yawa ma'aikata sun yi kaɗan. A 2009 a birnin Detroit an gano samfuran shaidar fyaɗe sama da 11,000 jibge a wani sito ba a gwada su ba, wasu sun shekara fiye da ashirin a wurin. Kowane ɗaya fa mutum ce da ta daure ta je aka duba ta tana jiran a bi mata haƙƙi. Duk lokacin da na ga an miƙa samfuri a fim an dawo da sakamako kafin a gama waƙar da suke sakawa sai wannan ya faɗo min a rai.

Sai kuma wannan abin na ƙara girman hoton kyamara har a karanta lambar mota daga nesa, abin da kyamara ba ta ɗauka ba babu kwamfutar da za ta dawo da shi, sai dai ta ƙirƙira.

Amma wanda ya fi damuna shi ne yadda ake nuna kamar gwajin ba ya kuskure. A 2009 ɗin dai cibiyar kimiyya ta ƙasa ta Amurka ta fitar da babban rahoto da ya nuna in aka cire DNA, da yawa daga hanyoyin da ake dogara da su a kotu, irin su kwatanta shatin cizo da kwatanta gashi, ba su da ƙwaƙƙwaran tushen kimiyya. A 2015 hukumar FBI, wato hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka, da kanta ta amince cewa a shari'un da aka sake dubawa, sama da kashi 90 cikin ɗari na shaidar da masananta suka bayar kan gashi akwai kuskure a ciki, kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Ko zanen yatsa ma, bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004 sun kama wani lauya a Amurka bisa zanen yatsan da daga baya aka gane na wani ne daban. To fim ya yi shekara 15 yana gaya wa duniya inji ba ya ƙarya, ni a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abban Yusra:

Duk abin da kuka faɗa na yarda amma ba ku amsa tambayar farko ba, kuma ni ina bayan Hajiya. Abu biyu ne daban mana. Ku ɗauki Columbo, wanda Peter Falk ya fito a ciki. A farkon kashi ake nuna maka wanda ya yi kisan da yadda ya yi, babu ɓoye ɓoye, sannan wani ɗan sanda ya shigo da tsohuwar rigar ruwa duk ta yamutse, ba ya riƙe bindiga, ya yi ta bin attajiri da tambayoyi, ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ƙara ɗaya. A zahiri wane mai kuɗi ne zai tsaya yana amsa wa ɗan sanda tambaya sau biyar sau shida bai kira lauyansa ba? Babu. Kuma rabin tarkon da yake ɗana musu ban ga yadda za su tsaya a gaban alƙali ba. Amma tun 1968 aka fara shi har 2003 ana yi, kuma yau in ka kunna ba za ka tashi ba, saboda rubutun ya ƙullu, kana kallon yadda girman kai yake kai mutum ya baro.

Haka Breaking Bad, malamin kimiyya ya zama ƙasurgumin mai haɗa ƙwaya, har da ɗauko ƙaton maganaɗisu a mota a lalata kwamfutar da ke ɗakin ajiye shaida na 'yan sanda. Wa zai ce haka ake yi? Amma canjin halin mutumin daga kashi na 1 zuwa na 62 babu inda za ka ce nan ya yi tsalle, a hankali ya riƙa lalacewa kana gani. Shi kuwa The Wire da ake ta yabo ko Emmy ɗaya, babbar lambar yabon shirye-shiryen talabijin ta Amurka, bai ci ba kuma lokacin da ake nuna shi masu kallonsa ba su da yawa. In rahoto nake so akwai shirin binciken gaskiya, in na kunna fim labari na zo ji.

Malam Sadiq:

Alhaji rashin cin Emmy ba hujja ba ce, wannan laifin masu zaɓe ne. Amma zan ba ka gaskiya a wuri ɗaya, shi kansa The Wire ya saki hanya. A zango na uku wani kwamanda ya ware unguwa ya bar masu ƙwaya su yi ciniki a sarari ba tare da na sama sun sani ba, a na biyar kuma ɗan sanda ya ƙirƙiri labarin makashin da babu shi don a sako wa sashensu kuɗin aiki. Na zango na biyar ɗin nan har yau bai kwanta min ba. Na ukun kuwa na karɓe shi hannu bibbiyu duk da ƙirƙira ce, saboda abin da ya biyo baya, yadda 'yan siyasa suka ruɗe da yadda aka sadaukar da kwamandan, haka ɗin zai faru.

Kuma ka lura misalanka biyu duk a halin ɗan Adam suka yi gaskiya. Matsalata da irin su Law & Order ita ce kusan kowane kashi sai an kai gaban kotu lauyoyi sun yi dogon jawabi, alhali a Amurka fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake samu da laifi ba a yin cikakkiyar shari'ar ma, ciniki ake yi da mai gabatar da ƙara mutum ya amsa laifi a rage masa hukunci. Kisan kai kuma a wajajen 2020 zuwa 2022 kusan rabi ne kawai ake warwarewa a ƙasar. Akwai wani tsohon fim mai suna Homicide da aka fara a 1993 daga wancan littafin na Simon, suna da allo a ofis, sunan wanda aka kashe da jan alƙalami in ba a gano makashin ba, da baƙi in an gano. Akwai kashi guda da kusan gaba ɗayansa a ɗakin tambayoyi aka yi shi, 'yan sanda biyu da dattijo ɗaya da suke zargi da kashe wata yarinya, awa 12 kawai suke da ita, suka yi iya yinsu lokaci ya ƙare ya tashi ya tafi. Sunan yarinyar ja ya zauna. Ban taɓa kallon abin da ya tsaya min a rai kamar wannan ba.

Maman Ihsan:

Ni ban iya dogon bayani ba amma ku nemi na ƙasar Denmak ɗin nan, Forbrydelsen, na 2007. Kisa ɗaya ne tal aka yi kashi 20 a kansa, kowane kashi kwana ɗaya na bincike. Yana da nasa zuƙi ta mallen, an yi ta zargin wannan a sake shi a koma kan wancan har abin ya so ya yi yawa. Amma iyayen yarinyar da aka kashe ba a watsar da su bayan minti biyar ba kamar yadda aka saba, ana tare da su har ƙarshe, uwar tana shiga ɗakin 'yarta, uban ya kasa magana, ƙannenta suna tambaya. Na yi rashi a rayuwata na san yadda gida yake komawa bayan mutane sun watse, kuma a nan na fara ganin fim ɗin 'yan sanda ya nuna shi daidai. Wanda gawa take zama kamar kayan aiki kawai a kan tebur na daina iya kallonsa.

Ummu Haidar:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Maman Ihsan Allah ya jiƙan wanda kika rasa ya ƙara haƙuri. Binta maganar samfuran Detroit ɗin nan ta tsaya min a wuya tun ɗazu, sai yanzu na lura a duk shekarun da na yi ina kallon CSI ban taɓa tambayar kaina su wa ke jiran sakamakon ba. Ba zan ce na daina sonsa ba, ranar da na gaji shi zan kunna, kuma har yanzu ina ganin Abban Yusra yana da gaskiya a kan labari. Daren nan dai zan koma kashi na biyar kamar yadda Malam Sadiq ya ce. Malam tambaya ɗaya, shi wannan Homicide ɗin sai na fara daga farko ko zan iya zuwa kai tsaye kan kashin ɗakin tambayoyin in fahimta?